Yadda Injiniya Ya Gyara Mini Hoton Akuya

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Masu Haya,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Wannan ɓarna ta fara ne ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Na duba agogo, domin shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi, kuma ban taɓa yarda ɗalibi ya ce mini "wajen ƙarfe goma" ba. Ni ne mai haya a lamba tara, hawa na uku. Wanda nake ƙara kuwa ƙanin matata ne, mai teburin sayar da cajar waya a bakin ƙofar gidan nan, wanda kuke kira Injiniya. Ina so a rubuta cewa babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Ya samo shi ne ranar da ya gyara fankar Tela, fankar da har gobe zuƙar iska take yi maimakon ta hura.

Dole in fara da abin da na ɓoye shekara goma sha tara, tunda yanzu har kajin tsakar gida sun sani. Ina da na'urar gem, wato ta wasa a talabijin, irin ta da, mai launin toka, wadda ake cusa wa kaset ta sama. 'Yata na saya wa tana firamare. Ta girma ta bar gida, na'urar ta zauna a ƙasan kabad, har ranar da na fito da ita don in kakkaɓe ƙura, na ce bari in ga ko tana aiki. Kaset ɗaya gare ta. A ciki akwai wata akuya da ke tsallake shingaye tana cin kabeji, mai gona na bin ta da sanda. Duk faɗuwa sai ta yi kuka; in ta faɗi sau uku, sai ta yi dogon kuka, sannan jadawalin maki ya fito. Wani ɗan batir kamar maɓallin riga da ke cikin kaset ɗin shi ke riƙe da jadawalin. A layin farko akwai maki dubu tamanin da bakwai da ɗari shida da arba'in. Nawa ne. Shekara sha tara na yi ina hawa kafin in kai nan.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Rabin magidantan gidan nan sun bi ta ajina, har da Tela da Mai Aski na shagon ƙasa. Da hannuna na ƙwace musu kayan wasa, na sa su rubuta "Ba zan ƙara wasa a aji ba" sau ɗari-ɗari. Saboda haka nake bugawa tsakanin goma zuwa sha biyu kawai, bayan matata ta tafi shagonta, in rufe taga, in rage murya.

Tsohuwar talabijin ɗina ta mutu a watan jiya, 'yata ta aiko mini da sabuwa, falan-falan kamar allon aji. Na'urar kuwa ta wayar eriya take fitar da hoto, a tasha ta uku. A kan sabuwar talabijin sai akuyar ta koma kamar zanen alli da ruwa ya taɓa. Ba ka bambance ƙafarta da shinge. Ina cikin wannan baƙin ciki ranar Talatar nan, Injiniya ya turo ƙofa, sallamarsa na bayansa.

Ya tsaya. Ya dubi talabijin, ya dubi madannin na'urar da ke hannuna, ya dube ni.

"Yaya Malam! Kai ne?"

"Rufe ƙofar," na ce.

A daidai lokacin jadawalin yana kan allo. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya karanta lambar da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon Shugaba ya riƙe wannan batu, zai dawo.

Ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Sannan ya ja kujera ba tare da an ce ya zauna ba.

"Amma Yaya Malam, wannan hoton ai cin mutunci ne. Mutum mai maki irin naka yana kallon akuya kamar ta faɗa cikin kunu? Yanzu duniya ta wuce wayar eriya. Akwai wani ɗan allo kamar kwalin ashana, ana dasa shi a ciki, waya uku kacal, sai hoto ya fito tas ta sabuwar waya. Za ka ƙirga gashin gemunta."

"Ka taɓa yi?"

"Na ga an yi a waya. Sau biyu na kalla."

"Har ƙarshe?"

"Ƙarshen ai godiya ce kawai suke yi. Minti goma sha biyar, Yaya Malam. Kafin Yaya ta dawo mun rufe."

Na yarda. Wannan ne laifina kaɗai a cikin maganar, kuma na rubuta shi da hannuna don kada a ce na ɓoye.

Da azahar ya dawo da ɗan allon da jakar kayan aiki. Nan take aka gano sukurorin na'urar ba irin waɗanda sukudirebarsa ta sani ba ne, kansu kamar tauraro. Ya ce wannan ƙaramin abu ne, ana narka gindin biro a danna a kan sukurun, in ya huce ya zama mabuɗi. Kafin in buɗe baki ya ɗauki jan birona daga kan tebur, wanda na yi makin jarrabawar ƙarshe da shi kafin in yi ritaya, ya kara shi a wuta. Biron ya narke, ya manne a cikin ramin sukurun, ya ƙi fita. Daga ƙarshe da wuƙar yanka albasa ya ɓalle murfin. Na ƙirga sukurori shida da suka fito, na jera su a cikin faranti.

Minti goma sha biyar suka cika ranar Laraba. Ya zo da ƙarfen narka dalma, ya ajiye shi da zafinsa a kan ledar teburin cin abinci, ya yi mata rami mai siffar ƙarfen. Ya ɗiga dalma a inda ake so da inda ba a so. Da muka kunna, hoto ya fito tas, wannan gaskiya ne. Sai dai komai kore ne. Ciyawa kore, sama kore, mai gona kore, akuya kore.

"Ina akuyar?" na ce.

"Tana nan, Yaya Malam. Ka ji motsinta ai."

"Ba motsinta na ce ka gyara ba."

"Wannan ita ce kalar asali. Da can tsohuwar wayar ce ke yi maka ƙarya."

"Shekara sha tara akuyar nan fara ce."

"To ka gani? Shekara sha tara ana yaudararka."

Na ce ya mayar. Ya sauya wayoyi biyu, launi ya dawo, akuya ta yi fari fat har ina ganin gemunta. Amma ƙafafunta na sama, kanta na ƙasa, kabeji na rataye kamar fitilu. Ya shafa haɓa, sannan ya tashi ya ɗaga talabijin ɗin 'yata ya kifa ta, ƙafafunta na kallon silin, ya tokare ta da ƙamus ɗina guda biyu.

"Shi ke nan. Matsala ta ƙare."

"In zan kalli labarai fa?"

"Sai ka juya ta. Motsa jiki ne, likitoci ma suna so."

Muna cikin haka matata ta shigo, mun manta da agogo. Na jefa tawul a kan na'urar. Ta dubi talabijin, ta dubi ƙaninta.

"Me ya sami wannan?"

"Sabbin nan haka ake yi musu, Yaya," in ji shi. "Sati ɗaya a kife, don ruwan cikin gilashin ya daidaita."

Ta ce, "Allah ya daidaita ku," ta wuce kicin. Daga can ta ɗaga murya tana tambayar wanda ya karya bakin wuƙarta. Injiniya ya shiga tattara kayan aikinsa.

Ranar Alhamis ya ce sabuwar wayar na bukatar ƙofarta a jikin na'urar, ya aro injin huda a wajen kafinta. Na ce ya ɗaga na'urar daga kan tebur. Ya ce hannunsa ya san inda zai tsaya. Hannun bai sani ba. Ƙarfen ya ratsa na'urar, ya ratsa leda, ya ratsa tebur, ya leƙo ta ƙasa, ya karye a ciki. Tun daga ranar na'urar da teburin cin abincinmu suka zama abu ɗaya. Mun ci abincin dare da tawul a tsakiyar tebur, matata na zagaye shi da kwanuka.

Ranar Juma'a ya rufe murfin. Na duba faranti na ga sukurori tara. Na ce shida muka cire.

"Wasu na ciki ne, ba su da aiki," in ji shi. "Kamfani ke zuba su don nauyi."

Da aka kunna, babu kore, babu fari, babu akuya. Allo baƙi ƙirin.

Yanzu na zo ranar Asabar, sha biyar ga wata, wadda Shugaba ya ga ƙarshenta da idonsa amma bai san farkonta ba. Injiniya ya zo da ƙarfe uku da rabi na yamma, matata ta je gaida yayarta. Ya ce ya kwana yana tunani, ya gano hoton yana nan, ƙarfi ne ba shi da shi, kamar mara lafiyan da ke bukatar ƙarin ruwa. Ya ce akwatin nan da ke kan matakala, wanda ke raba eriyar saman rufi zuwa gidaje goma sha biyu, yana da abin ƙara ƙarfi a ciki. Zai kai hoton can ya sha ƙarfi ya dawo.

"Ya dawo ta ina?" na ce.

"Ta inda ya tafi mana. Lantarki ai ya san gida."

Ya zura doguwar waya ta tagata, ta bi bango, ta shiga tagar matakala. Na shiga wanka na minti bakwai. Da na fito na tarar da kaset ɗina a buɗe a kan tebur, yana mayar da murfinsa.

"Me ka taɓa a nan?"

"Wani tsohon batir na gani, duk ya yi tsatsa. Irinsu ke jawo dishi-dishi. Na cire maka shi kyauta."

Ranka ya daɗe, ban fahimci abin da na ji ba a lokacin. Kunnena ya ji, amma kaina ya ƙi karɓa. Kafin in tattara hankalina ya cusa kaset, ya kunna, ya ɗauki madanni. Talabijin ɗinmu, a kife a kan ƙamus, ba ta nuna komai ba. Ya ce bari ya daddanna ko hoton zai farka.

Ƙarfe huɗu daidai ne. A shagon Mai Aski mutum goma sha huɗu na kallon wasan ƙwallo na ƙarshe, an ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. A hawa na biyu Goggo, wadda ba ta taɓa fashin shirinta na ƙarfe huɗu ba, tana jiran a bayyana wanda ya sace takardun gado. Abin da suka gani duka, kamar yadda suka shaida daga baya, shi ne farar akuya, tas, ana iya ƙirga gashin gemunta. Aka murɗa tasha ta biyu, akuya. Ta bakwai, akuya. Tashar labarai, akuya.

Mu a sama ba mu ga komai ba. Sai dai muka ji wata murya daga ƙasa ta ce, "Tsallaka!" Sannan muryoyi da yawa: "Tsallaka mana! Ga shinge nan!" Sannan kukan akuya ya tashi daga gidaje goma sha ɗaya da shagon aski a lokaci guda, har tantabarun rufi suka watse.

"Ka ji?" in ji Injiniya, fuskarsa na walƙiya. "Murya ta fara zuwa."

Ya ci gaba da dannawa. Akuyar ta sake faɗuwa a shingen farko. Na san shingen farko ne domin na san kiɗan wurin. Shingen da ko da ido rufe nake tsallake shi. Ta faɗi ta uku, ta yi dogon kukan nan na ƙarshe, wani a ƙasa ya ce, "Wane mara hannu ne wannan?"

Sai muka ji takun ƙafafu a matakala. Tela ne ya bi wayar daga akwati har tagata. Injiniya ya dubi ƙofa, ya dube ni.

"Riƙe mini, Yaya Malam, in duba bayan talabijin."

Na karɓa. Mutum in an miƙo masa abu karɓa yake yi. Ƙofa ta buɗe: Tela, Mai Aski da almakashi a hannu, wani mutum da rabin kansa a aske, Goggo na haki a bayansu, da kai kanka Shugaba. Ga ni tsaye da tawul a wuya da madanni a hannu, ga talabijin a kife, ga Injiniya ya ɓace a bayanta.

Tela ne ya fara magana, a hankali.

"Allah ya gafarta Malam. Wasa ake yi?"

Mai Aski ya ce, "Sau ɗari na rubuta, Malam. Har yau yatsan nan bai miƙe ba."

"A aji na hana," na ce. "Nan ba aji ba ne."

"Ni ba ruwana da aji," in ji Goggo. "Wa ya sace takardun? Wata uku ina jira, ka sako mini akuya!"

Mai rabin aski ya ce shi ba wasan ne ya dame shi ba, rashin iyawar ne. "Baba, shingen farko fa. Sau uku."

A nan ne na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na ajiye kunya gefe, na ce ba ni ne na buga ba, kuma makina dubu tamanin da bakwai da ɗari shida da arba'in ne, duk mai shakka ya sauko shagon aski ya gani a jadawali. Muka sauka gaba ɗaya, ni a gaba. Jadawalin na kan talabijin ɗin Mai Aski, kuma ban taɓa ganinsa da kyau irin na ranar ba, kowace lamba kamar an rubuta da sabon alli. Layi na farko: ɗari da ashirin. Sauran layuka tara: sifili.

Ba a yi dariya nan da nan ba. Sai da Tela ya ce, "Malam, a nuna aiki. Amsa kawai ba ta da maki." Maganata ce, da muryata ya faɗe ta. Shagon ya kife da dariya.

Na ce a kira Injiniya, shi ya ga lambar ranar Talata. Aka kawo shi. Ya sosa ƙeya.

"Gaskiya na ga wasu lambobi. Akwai takwas a ciki, ina jin."

"A farko ko a ƙarshe?" in ji Mai Aski.

"Hoton ai ba shi da kyau a lokacin. Shi ya sa ma na gyara." Ya nuna talabijin ɗin shagon. "Amma ku dubi aiki, don Allah. Wa ya taɓa ganin gemun akuya haka?"

Na ce to a ba ni madanni, a gaban kowa, yanzu, in nuna musu ko wane ne ni. Mai Aski ya ce an fasa ƙwallon, a kawo. Har Goggo ta ja kujera. Injiniya ya ce bari ya ƙara wa wayar tsawo don madannin ya sauko, ya ruga sama. Bayan minti ɗaya akuya ta ɓace daga allo, aka ji wani "fat", sannan farin hayaƙi ya fito ta tagata. Na'urar ba ta sake kunnuwa ba. Akwatin eriya ma haka, kamar yadda kwamiti ya sani.

Da matata ta dawo na zaunar da ita na ce akwai abin da na ɓoye mata shekara sha tara.

"Akuyar?" ta ce. "Malam, in na dawo ɗaukar abin da na manta, ta bango ake jin kukanta. Har na san ranar da ka ci da ranar da aka cinye ka, daga yadda kake cin abincin rana."

Na ce alhamdu lillahi, ashe ina da shaida, ta faɗi lambar.

"Ni ban taɓa kallon lamba ba. Wa ya karya mini wuƙa?"

Saboda haka, ranka ya daɗe, a duk duniya mutum ɗaya ne ya ga makina da idonsa, kuma shi ne ya goge shi. Tun ranar Lahadi ba na wuce shagon aski sai wani ya yi tari mai kama da kukan akuya. Jiya Tela ya gaishe ni da "Barka da tsallake matakala, Malam." Shi kuwa Injiniya ya kafa kwali a teburinsa, wai ana gyaran hoton tsofaffin na'urori, a tambayi gidaje goma sha biyu.

Ba na neman a biya ni na'ura, ba a sayar da abin da ke cikinta. Tebur da leda da wuƙa magana ce tsakaninsa da yayarsa, kuma na tausaya masa. Batun wasa kuwa na daina ɓoyewa: na buga, kuma na iya. Abin da nake nema shi ne, a taron masu haya na ranar Lahadi, ashirin da uku ga wata, bayan la'asar, a tsakar gida, Injiniya ya sauke kwalin nan, ya miƙe tsaye a gaban Tela da Mai Aski da Goggo da mutumin nan mai rabin aski, wanda nake roƙon a nemo shi. Ya faɗa da bakinsa cewa madannin na hannunsa lokacin da akuyar ta faɗi sau uku, kuma ɗari da ashirin nasa ne. Sannan ya ɗauki alli, zan kawo allo daga gida, ya rubuta dubu tamanin da bakwai da ɗari shida da arba'in, da lambobi da kuma kalmomi. Ba zan karɓi "kusan dubu casa'in" ba, ko da ya fi. Bayan haka ya juyo ya ce, "Yaya Malam, na yi kuskure, ka yafe mini," da muryar da za a ji a hawa na uku.

In ya ɓata lamba ɗaya, ya goge ya sake daga farko.

Naka cikin girmamawa,
Malamin lissafi mai ritaya,
Lamba tara, hawa na uku.